Hoton Ƙafar Kawu

Shekarun baya can, lokacin da sai an cire takalmi kafin a shiga ɗakin kwamfuta, ina karatun digiri na biyu, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Aikina shi ne in koya wa kwamfuta gane cutar daji a hoton ƙashi, irin wanda ake ɗauka a asibiti. Akwai wata dabara da aka tsara ta a kan yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aiki: za ka yi ta nuna mata misalai, wannan daji ne, wannan ba shi ba ne, har ta kama da kanta.

Sai dai kwamfutar wancan zamani ba ta iya haɗiye hoto gaba ɗaya. Kai ne za ka zaɓar mata abin da za ta duba, ka mayar da shi lamba. Na gwada girman kumburi, na gwada yadda gefen ƙashi ke zaizayewa, na gwada hasken hoton baki ɗaya. Awon zaizayar nan wahala gare shi, yini guda nake yi a kan hoto ɗaya, sai na yi watsi da shi. Shi kuwa hasken hoto, da na sa shi sai na'ura ta fara canka daidai kusan kowane lokaci. Ban tsaya tambayar dalili ba, murna ta hana ni.

Da na je hutu gida Gwandu, babu wanda ban cika wa kunne ba. Har mai shayin bakin tasha ya san cewa na ƙera na'urar da ta fi likita ido.

A wannan hutun ne mahaifiyata ta ce in je Kalgo in gaida yayanta. Kawuna masunci ne, mutum mai yawan barkwanci, amma na same shi zaune a zaure ya miƙe ƙafar hagu, ƙaurin ya kumbura yana sheƙi. An yi masa hoto, likita ya ce ya wuce babban asibiti a Sakkwato, ya kuma yi masa gargaɗin cewa wataƙila sai an yanke ƙafar.

Ya jawo hoton daga ƙarƙashin tabarma ya miƙo mini. "Ɗana, an ce kana da na'ura mai gani. Kai mata wanga ta duba. In ta ce in tahi, in tahi. Masunci da ƙahwa guda, mi za ya yi cikin ruwa?"

Maimakon in ce ni ɗalibi ne, sai na karɓa da hannu biyu, har da gyara tsayuwa.

Ina komawa makaranta na sa hoton. Na'ura ta ce ba daji ba ne. Da gudu na je tasha, na sami wani direban garinmu, na ce ya gaya wa mahaifiyata a sanar da Kawu ya kwantar da hankalinsa.

An ɗan kwana biyu, malamina ya zo duba aikin. Ya daɗe yana kallon sakamakon, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Sai ya fita, ya dawo da wani tsohon hoto na hannunsa da ya karye tun yana saurayi, ya ce in sa. Na'ura ta ce daji ne.

"To, ashe na daɗe da mutuwa ban sani ba," in ji shi. "Ina ka samo hotunanka?"

A nan kaina ya sara. Hotunan masu daji daga tsohon ɗakin ajiya na samo su, shekaru sun sa sun yi duhu. Na masu lafiya kuwa sababbi ne fes, daga wani ƙaramin asibiti na karɓo. Ashe duk wannan lokaci ba cuta na koya mata ba, tsufan hoto na koya mata. Hoton Kawu kuwa sabo ne.

Ban ko ɗauki jaka ba na nufi tasha. Duk tsawon hanya ina haɗa maganar da zan faɗa, tana wargajewa.

Abin da na tarar a Kalgo ya fi abin da na zata. Tun ranar da saƙona ya iso aka toya waina aka raba sadaka gida-gida, an gode wa Allah. An kira wanzami yana yi wa kumburin ƙaho. Ina shiga unguwa mata suna leƙowa, dattawa suna miƙo mini hannu suna cewa ga likita ya iso. Wata tsohuwa har ta tare ni da batun ciwon gwiwarta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Na jira har zauren ya watse. Na durƙusa gaban Kawu, na kasa ɗaga ido.

"Kawu, na'urar ba ta san komai ba. Ni na ɓata ta. Dole a tafi Sakkwato."

Ya dubi ƙafar. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce, "Ka ci abinci kuwa? Tashi ka ci, gobe mu tahi."

Daji ne. Sama da gwiwa aka yanke. Ban taɓa iya tambayar likitan ko makonnin da saƙona ya cinye su ne suka sa aka hau sama haka ba, kuma har yau ban sani ba.

Yanzu ni ma ina da ɗalibai. Duk wanda ya zo mini da sakamako mai kyau yana washe baki, ba na taya shi murna sai ya nuna mini abin da na'urarsa take kallo. Suna cewa ina da tsanani, ban taɓa gaya musu dalili ba.

Kawu ya yi shekaru masu yawa bayan nan, yana saƙar taru a ƙofar gida, wani lokaci a ɗora shi a kwalekwale. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne labarin da ya ba mutane. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa, na'urar ɗana ce ta sake dubawa ta gano cutar, da ba don ita ba da an binne ni. Haka ya yi ta faɗi har ya rasu. Ko a ranar gaisuwarsa, wani dattijo ya riƙe hannuna yana sa mini albarka a kan ƙafar nan, ni kuwa na sunkuyar da kai na ce amin.