Ranar da Baba Hantsaki Ya Cinna wa 'Yar Auta Wuta

Kafin maigadin gonar gwajin inabi ya gama miƙa, Baba Hantsaki ya riga ya jingine kekensa a jikin rumfar reno. In lokacin fure ne, ko gaisuwa da kai yake amsawa. Zai zauna a 'yar kujerarsa ƙarƙashin itacen inabi, tabarau a kan hanci, ya zaro hantsakin da ya jawo masa sunan. Furen inabi bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma in an ƙyale shi, da kansa yake yi wa kansa barbara. Aikin Baba shi ne ya riga shi. Sai ya cire 'yar hular furen tun ba ta buɗe ba, ya tsince zaren namijin ɗai-ɗai, ya bar macen, ya rufe gungun da jakar takarda. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da garin furen wani itacen a kwalba, ya shafa da ɗan buroshi, ya sake rufewa. Matarsa takan ce mutumin da ke ganin zaren fure, amma cokalin da ke gabansa sai ta miƙa masa.

Abin da ke biyo baya jira ne mai cin rai. A cire ƙwallayen, a shuka, a yi reno shekara da shekaru, ranar ɗanɗano a ji tsami kamar ya cire haƙori, a tumɓuke. Haka Baba ya tsufa, yana haɗa iri yana zubarwa, har Allah Ya ba shi guda ɗaya. Ga zaƙi, ga jure zafi, ga gungu mai cika tafi biyu. Ma'aikata suka sa mata 'Yar Auta, don har 'yarsa ta cikinsa, wadda ke aiki a rumfar reno, ta ce an ƙwace mata matsayi. Aka yawaita ta daga rassanta har ta cika layi guda. Manaja ya sa ranar ritayar Baba ta zama ranar da za a fara raba wa manoma rassan dashe, aka rubuta allo da sunan Baba.

Ana jibi biki, 'yar tasa ta shigo da safe ta hango hayaƙi. Ta ɗauka shara ake ƙonawa. Da ta matso sai ta ga ba shara ba ce. Layin 'Yar Auta babu shi, an sare, an tone saiwoyi, an tara, wuta na ci. Ga mahaifinta tsaye da gatari, toka har gira.

“Innalillahi! Baba, lafiyarka kuwa? Me ka yi haka?”

Ihunta ya tara jama'a. Direban gonar ya ɗora hannu a ka ya kasa saukewa. Wata mai tsinkar inabi ta zauna dirshan a ƙasa tana kuka kamar an yi mata rasuwa. Manaja ya iso da gudu, rabin fuskarsa da kumfar aski.

Baba ya zaro ganye daga aljihu ya miƙa masa. Ganyen ya yi ja, gefensa ya naɗe ƙasa.

“Yallaɓai, irin wanda na nuna maka makon jiya ne. Jiya na same shi har a jikin uwar itacen da aka yanko rassan. Cutar nan a cikin reshe take. Duk wanda ya dasa, ya kai ta gonarsa.”

“Na sani, Baba, na yarda,” in ji manaja. “Ai na ce ba za a raba ba. Amma ka bari a yi bikin mana, mutane su ga abin da ka yi!”

“Su gani, su kuma karya reshe. Ka taɓa ganin baƙon da ya shigo gonar nan ya fita aljihunsa babu reshe? Ni kaina haka na fara.”

Gaskiya ya faɗa, don duk wanda ke tsaye a wurin ya taɓa yi wa wani ɗan'uwansa wannan alfarmar. Manoman da aka gayyata kuwa, da yawansu gonar inabin nan ita ce cinsu, ita ce makarantar 'ya'yansu.

Kai ne, Baba, ka yi abin da har yau mu ma'aikatan gonar in mun tuna sai tsigar jikinmu ta tashi. Kai da ba ka yarda a jingina tsani a jikinta, kai ka ɗaga mata gatari. Ba mu ga hawayenka ba, ka ce hayaƙi ne. Amma matarka ta faɗa mana kwana da kwanaki ba ka iya haɗiye abinci ba.

Da wutar ta lafa, ya ja 'yarsa zuwa rumfar reno, ya buɗe wani gwangwani mai jiƙaƙƙen yashi. A ciki akwai ƙwallaye, 'ya'yan barbarar da ya yi wa 'Yar Auta bara.

“Wannan cutar ba ta bin ƙwallo,” ya ce. “Ki shuka. Yawancinsu tsami za su yi, kar ki ji tausayi, ki tumɓuke.”

“Baba, ai shekaru ne kafin su yi 'ya'ya.”

“To ni ina ruwana? Na yi ritaya.” Ya sa hantsakin a tafinta ya rufe mata yatsu.

An yi bikin. Manoma sun zo da buhunan ɗaukar rassa, sun koma da su a ninke, wasu suna ƙunƙuni. Da yawa ba za su taɓa sanin abin da aka kare su daga gare shi ba, shi ya sa muka ga dole mu faɗa.

Mun gode, Baba Hantsaki, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka tsawon rai ka ɗanɗana jikokin 'Yar Auta. Ku kuma masu aikin hannu, in ranar ta zo da abin da kuka fi so zai cutar da wani, ku tuna da tsohon nan. Allon sunansa yana nan, manaja ya hana a mayar da shi sito. An kafa shi a kan tokar.