Tahira Nata'ala, wadda ta buɗe bakin Madam Sushila

Kullum bayan asuba Tahira Nata'ala takan ɗaura man tausa a bakin zane, ta hau kabu-kabu daga Tibiri zuwa Maradi. Shekara talatin da ɗaya tana bin gidajen masu shanyewar ɓarin jiki, tana gasa ƙafar da ta mutu, tana koya wa dattawa riƙe cokali. Watan jiya ta aje aiki, gwiwa ta ƙi. Har yau ban ji wanda ya tashi ya gode mata a bainar jama'a ba, kuma abin ya girgiza ni.

Ita ta tada mahaifina. Shi ya sa da Rakesh, Ba'indiyen da ke sayar wa manoman Jiratawa injin ban-ruwa, ya ce mini mahaifiyarsa Madam Sushila ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta yi wata takwas ba ta furta kalma ba, na kai masa Tahira gidansu a unguwar Zariya, nan Maradi.

Sati biyu da fara aiki, Tahira ta lura babban yatsan tsohuwar na hannu mai lafiya ba ya hutawa, yana ta murza abin da babu. Ta tambayi ɗan. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce tun tana budurwa uwarsa kan zauna da safe, ido rufe, tana maimaita wani gajeren kira ga Durga, abin bautarsu da suke kira Uwa, sau ɗari da takwas. Ya ɓoye carbinta da kaset ɗin kiran don kada ma'aikata Musulmi su tsorata su gudu.

"Ɗauko mata kayanta," in ji Tahira. "Ba ni zan yi ba. Ita za ta yi."

Ina tsakar gidan ranar. Kaset ya fara, murya ɗaya tana jan kalmomi huɗu a hankali, tana komawa farko. Can sai wata murya ta biyu ta shiga, a dushe, tana rawa. Na leƙa. Bakin nan da ya karkace ne ke motsi, hawaye na bin kunnenta. Rakesh ya zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, waje na fita ina ta'awwuzi. Tahira ba ta gusa ba, tana tallafe da hannun da ya shanye har aka kai ƙarshen carbi.

Labari ya zaga gari a karkace. Aka ce ta shiga tsafin Indiyawa. Gida uku suka rufe mata ƙofa, ciki har da inda ta yi shekara biyu tana kwashe kashin maigidan da hannunta. Da na tambaye ta ko ba za ta bar gidan Rakesh ba, ta ce in tsohuwa ta fara nata, ita takan ja nata istigfari a zuci, kowa da inda ya dosa. Aikinta ta tada majinyaci, kuma ta ƙofar nan kaɗai magana ta yarda ta fito.

Daga kiran nan ta ja tsohuwar zuwa sauran kalmomi, ɗaya bayan ɗaya. A wata na biyar Madam Sushila ta nemi ruwa da bakinta. Kafin a maida ta ƙasarsu ta kira sunan ɗanta.

Ke ce, Tahira, mai hannun sanyi, kika tsaya a ɗakin da ni na gudu. Ba ki saki addininki ba, ba ki saki majinyaciyarki ba. Na gode, kuma ki yafe mini fitar da na yi. Masu jinya na Maradi, ku koyi duba yatsun wanda ya kasa magana. Sauran mu kuwa, tana nan Tibiri da ranta, ƙafa ta kumbura. Mu je mu gaishe ta tun tana iya amsawa.