Yadda Aka Yi wa Rijiyarmu Rumbu

'Yar fari ce, don haka ba za a ga sunanta a nan ba. Ko a gida ban taɓa kiran sa ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", ita kuma ta san da ita ake. Karatun inji da kwamfuta ta yi a Katsina, ta samu aiki wurin masu kula da rijiyoyin burtsatse na sola, waɗanda ofishinsu yake Batsari. Ni kuwa yaƙi da jahilci na yi, da goyon autana a baya, amma ya ishe ni in rubuta abin da idona ya gani.

Ƙauyenmu yana gefen Zakka, a ƙasar Safana. Kafin a haƙa mana burtsatse, rafi muke zuwa mu tona rairayi mu zauna jiran ruwa ya taru, ana kwasa da ƙoƙo. Da famfo ya zo muka huta, makiyaya ma aka yi musu kwamin shayar da shanu. Sai a wata bazara injin ya fara tsayawa da kansa. Rana tana take tsaka, sai ka ji ya yi shiru, mata na tsaye da jarkoki.

A ɗakin injin akwai wani allo mai haske a jikin bango. Shi yake nuna zurfin ruwa a rijiya, da cikar tanki, da gudun inji, kuma ta nan ake kunnawa ana kashewa. Duk lokacin da ma'aikata suka zo daga Batsari, da rana suke isowa, su duba allo su ga ruwa ya yi ƙasa, su girgiza kai su tafi. Daga baya labari ya iso mu cewa sun ce rijiyar ta ƙafe, za su cire injin da farantan sola su kai wani gari kafin damina.

Ranar da yarinyar nan ta zo gida ina tankaɗe, ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, allon nan ba ya ƙarya, amma ba shi da tunani. Abin da yake gani yanzu shi kaɗai ya sani. Ki tambaye shi yadda ruwa ya kwana, ba zai iya faɗa miki ba."

Na ce, "To, wa zai iya?"

Ta ce a ofishinsu akwai kwamfutar da ake kira rumbun bayanai. In aka haɗa manhajar allon da rumbun, duk awon da allo ya yi zai tafi can a ajiye shi da lokacinsa, yau da gobe da jibi, har a ga halin rijiya gaba ɗaya. Ta roƙi shugabansu ya dakata da cire injin, ya ce ya ba ta zuwa faɗuwar ruwan farko. In ba ta kawo hujja ba, mota za ta zo.

Mahaifinta ya ce ba za ta riƙa bin hanyar nan ita kaɗai ba, yadda zamani ya zama. Shi ya sa na zama 'yar rakiya. A kan babur muke zuwa ɗakin inji, in shimfiɗa ɗankwali a bakin ƙofa ina kallon ta. Ta kafa wani ɗan baƙin akwati mai layin waya a ciki, ta jona shi da allo, ta sa filoginsa a soket ɗin bango. Sannan ta buɗe kwamfutarta ta daɗe tana rubutu. Ta ce kowane awo sai ta raɗa masa suna, kuma sunan da yake amsawa a allo shi zai amsa a rumbu, in ba haka ba zurfin ruwa ya faɗa gurbin cikar tanki. Ta daidaita agogon allo da na Batsari. Da ta gama ta kira abokin aikinta a waya, na ji yana cewa, "Ga su nan suna shigowa." Ta yi murmushi, ni kuma na kau da kai kamar ban gani ba.

Murnar ba ta yi nisa ba. Bayan 'yan kwanaki ta dawo fuska a yamutse, ta nuna mini zane a kwamfuta, wani layi da yake tafiya sai ya yanke, ya bar fili, can gaba ya sake ɓullowa.

"Kamar zanen da ɓera ya ci," na ce.

"Wallahi, Inna. Kuma shugaba ya ce shi ba zai yanke hukunci da tsumma ba."

Ta zargi sabis, ta canja layi. Ta zargi wayar da ta jona akwatin da allo, ta canja. Sai da ta zauna ta jera wuraren da suka yanke, ta ga yawancinsu da la'asar ne, kuma sun fi tsawo a jajiberin kasuwar Batsari. Ta ce mu je da la'asar ɗin, ba da safe yadda muka saba ba.

Muna tura ƙofa muka tarar da wayoyi a jere a kan tabarma, manya da ƙanana, wata an ɗaure ta da roba, wata da tsumma ja don mai ita ya gane abarsa. Duk sun taru a kan wata doguwar jona da aka soka a soket ɗin bango. Filogin ɗan akwatin kuwa yana reto a gefe.

Maigadin wurin dattijo ne, ɗan kawuna, wato taubashina. A ƙauyenmu babu wutar lantarki, ɗakin nan ne kaɗai ake samun caji. Wanda zai je kasuwa gobe dole wayarsa ta kwana a cike, kuma mutum ba ya kallon idon maƙwabcinsa ya ce masa a'a kan abin da bai rage shi da komai ba. Shi a ganinsa akwatin ba ya ƙara, ba ya nuna komai, don haka aron wurinsa ba laifi ba ne. Da magariba yana mayar da shi yadda ya same shi.

Yarinyar nan ta durƙusa ta gaishe shi, "Kawu, ina wuni, ya aiki?" Daga nan ta kalli filogi, ta kalle ni. Ba za ta iya ce wa sa'an mahaifinta ya yi kuskure ba, ni ma ban haife ta don ta iya ba. Amma tsakanina da shi akwai wasa, abin da ba ya faɗuwa a bakin kowa yana faɗuwa a nawa.

Na ce, "Sannu, sarkin caji. Ashe gadin wayoyi aka ɗauke ka, mu muna can muna cewa rijiya kake tsaro."

Ya ce, "Ji mini baiwar nan tawa. Wa ya ba ki izinin shigowa fadata babu gaisuwa?"

"Fadar da za a kwashe a mota? Ka ga ɗan baƙin nan da ka cire wa abinci? Shi ne yake kai shaidar rijiyarmu Batsari. Kullum ka toshe masa baki, can sai su ce ba mu da ta cewa."

Ya dubi akwatin ya daɗe. Ya ce, "Wannan ɗan shiru-shirun? Ni na ɗauka rediyo ce ta lalace." Sai ya juya wurin yarinyar, muryarsa ta sauka. "'Yata, da gaske ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Kawu. Amma ni ce ban yi maka bayani ba."

Ya miƙa hannu zai tsinke wayoyin mutane, ta ce ya bari. Washegari ta zo da mai gyaran wuta, aka jona akwatin kai tsaye da batir, babu filogin da za a cire. Ta kuma gyara manhajar yadda in hanya ta yanke, allon zai riƙe awonsa a cikinsa, in ta dawo ya aika su a jere. Wayoyin gari kuwa aka kafa musu katako mai soket a waje, ƙarƙashin rumfa. Taubashina ya ce yanzu ne sarautarsa ta tabbata, tunda an yi masa zaure.

Daga nan layin bai ƙara yankewa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, ni kuma kullum ina kallon sama ina roƙon Allah ya kawo ruwa, ina kuma roƙon ya ɗan jinkirta. Ban taɓa yin addu'a mai baki biyu irin wannan ba.

Ranar da za ta nuna wa shugabansu, tare muka shiga motar Batsari. Aka ba ni kujera a gefe. Ta haska zanen a bango, kuma ko ni da ƙaramin karatuna na gane shi. Layin yana sauka da rana lokacin da mata da shanu suke haɗuwa a kan ruwa, yana hawa a hankali bayan injin ya huta, kafin gari ya waye ya koma inda yake jiya. Kowace rana haka, kamar numfashin mai barci.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, rijiyar da ta ƙafe ba ta komawa gurbinta. Injin ne yake zuƙa fiye da yadda idon ruwa yake kawowa. A rage masa gudu, ya fara aiki tun rana tana fitowa, tanki zai cika ba tare da ya tsaya ba."

Shugaban ya matso kusa, ya bi layin da yatsa, ya yi mata tambayoyi ta amsa. Ya ce a gwada. Aka rage gudun, kwanakin da suka biyo baya rumbun ya nuna injin bai tsaya ko sau ɗaya ba. Motar da za ta zo ɗaukar kaya ba ta zo ba. Sai ma aka ce yarinyar nan ta je ta yi wa sauran rijiyoyin irin wannan haɗi.

Ranar da ruwan farko ya sauka ina bakin famfo, jarkata tana cika. Mata suka kewaye ni suna cewa, "Ke dai kin haifa." Na ce musu aikin Allah ne, na ɗauki ruwana na wuce, don uwa ba ta yabon 'yar fari a gaban mutane. Amma da na isa gida na dama fura da nono mai kauri a sabuwar ƙwarya, na ajiye a ƙofar ɗakinta. Ta sha ta shanye, ta wanke ƙwaryar da ruwan rijiyarmu ta kife mini a kan randa.