Yadda Ruwan Umluj Ya Ci Munzali Dabo

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Munzali Dabo, wanda mutanen unguwar Mahjar ta Jidda suka fi sani da Abu Layan, ta zo ne ranar Asabar, huɗu ga watan Shawwal, da hantsi, a bakin teku gaba kaɗan da garin Umluj na ƙasar Saudiyya. Shekararsa arba'in da uku. Bayan an gama takardu aka kawo shi Jidda, aka yi masa sutura ranar Litinin. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Lubna, da 'ya'ya mata biyu, Layan da Mastura.

Ni ne Rafi'u, ɗaya daga cikin mutum uku da suka tafi da shi suka dawo babu shi. Yau kwana tara ina ɗauke da wata magana da ban gaya wa iyalinsa ba. Na san Lubna za ta karanta wannan, ko a karanta mata.

Abu Layan, shekara shida ke nan da na sauka garin nan daga Funtuwa da kwantiragin aikin haɗa magunguna. Ban san kowa ba, Larabcina kuma na littafi ne, in na yi shi a kasuwa sai a yi ta kallona. A ƙofar wani masallaci a Aziziyya ka ji ina waya da Hausa, ka tsaya har na gama, ka ce, "Ya akhi, ka ci abinci kuwa?" Ba ka tambayi sunana ba sai da muka ga bayan ful da tamis, wato wake da gurasar garin nan. Da iƙamata, takardar izinin zama, ta maƙale wata biyu a wurin kafili, ubangidan da ya kawo ni aiki, ina tsoron ko leƙa titi, kai ne kake tasowa daga tashar jiragen ruwa da ƙurar sito a jikinka, ka zo ka zauna da ni don kada kaɗaici ya zautar da ni. Kakanninka ta Sudan suka iso nan, ba ka taɓa taka Najeriya ba, amma duk Bahaushen da ya rasa inda zai dosa a Jidda, a ƙofarka ake tsintarsa. Kana kirana Daktur, ina ce maka ni ba likita ba ne, kana cewa wanda ya iya karanta rubutun likita ai ya fi likitan. Ni kuma in rama da Hausarka, wadda rabinta Larabci ce, rabin kuma ta zamanin kakarka.

Kai ka shirya tafiyar. Ka ce abin kunya ne mutum ya shekara shida a ƙasa bai san komai ba sai hanyar wurin aiki da hanyar Makka. Washegarin Sallah muka kama hanyar arewa mu huɗu, da Usama abokin aikinka wanda motarsa ce, da Bello maƙwabcina, da niyyar sai Tabuka. Muka wuce Rabig, muka kwana a Yanbu. Da muka iso Umluj ka ga ruwan nan, ka ce halas, shi ke nan, Tabuka ba gudu za ta yi ba. Bayan Juma'a muka kafa tanti a wani gefe da babu jama'a sosai. Ka sayo kifi a hannun masunta ka gasa mana, kana zagin Bello wai ya ba ka albasa kamar mai ba da magani. Muka haƙa dara a yashi, kai da tsakuwa ni da ƙananan ɓawon katantanwar teku, ka cinye ni sau huɗu. Usama bai sauke butar shayi ba har rana ta faɗi. Ban taɓa hutawa irin ta yinin nan ba, yanzu kuwa ko tuna shi ba na so in yi.

Da safiyar Asabar ku uku kuka tuɓe, kuka saura da wandunan iyo. Ka ce, "Daktur, ka iya ruwa?" Na ce a bakin dam na girma. Ƙarya na yi maka. Iyakar shigata ruwa tun ina yaro ba ta wuce gwiwa ba. Ka miƙo mini rigar nan mai hana mutum nutsewa, na ce ka ajiye wa yara. Kuma na ƙi cire jallabiyata. A inda na fito, magidanci mai shekara arba'in ba ya tuɓe riga a sarari, ko 'ya'yana ba su taɓa ganina babu singileti ba. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce mutumin Funtuwa zai shiga bahar kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Sai ka daina dariyar, ka kama kafaɗata ka nuna mini. Ruwan wurin a kan dutse yake shimfiɗe, fari tas, mutum zai yi tafiya mai nisa bai wuce masa ƙugu ba. Can gaba sai launinsa ya yi duhu. Ka ce a nan dutsen ya yanke, ƙasansa rami ne da ya fi gidan bene zurfi. "In ka ga ruwa ya yi baƙi, ka tsaya. Wallahi ya Daktur ba wasa nake ba."

Na ji ka sarai. Amma ina so ku ga ni ba matsoraci ba ne. Na yi ta takawa ina kallon ƙananan kifaye masu launi suna gilmawa ta ƙafafuna, ina ƙara taki ɗaya, ina ƙara wani. Sai na taka na ji babu ƙasa. Jallabiyar da na ƙi cirewa ta sha ruwa ta naɗe mini ƙafafu kamar an sa ni a buhu, ƙasanta ya taso ya rufe mini fuska. Ban san inda sama take ba. Ban yi kalmar shahada ba, ban tuna da kowa ba, tsoro kawai.

Ka iso. Na ji muryarka kana cewa kada in riƙe ka, in saki jikina. Na ji, Munzali, kunnena ya ji. Na cafki wuyanka da hannu biyu na hau kanka. Na danna ka ƙasa don in sami numfashi, ka taso, na sake danna ka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A haka ka yage jallabiyar daga wuyana, ka tunkuɗa ni bakin dutse inda Usama ya kamo hannuna. Da na waiwaya babu kai. Masunta ne suka fito da kai bayan kusan rabin awa.

Usama da Bello daga nesa suka hango, sun ga na zame, sun ga ka bi ni. Abin da ya faru a cikin ruwan ni kaɗai na sani. Tun ranar, in na kai ruwan alwala fuskata sai numfashina ya ɗauke. In aka ƙwanƙwasa ƙofata sai in daskare. Ina tsoron ranar da za a tsayar da ni da kai, a tambaye ni.

Amma ba wannan ne ya sa ni rubutu ba. A rana ta uku ta zaman makoki, Lubna ta sa aka kira ni bakin ƙofar mata. Ta bayan labule ta ce, "Yaya Rafi'u, mutumin nan a bahar ya girma, ya sha fitar da mutane. Ta yaya?" Na buɗe baki na ce wataƙila zuciyarsa ce ta buga. Ta yarda, don ni ne Daktur. Shekaranjiya Usama ya gaya mini ba ta cin abinci, tana cewa shekara goma sha biyar tana tare da mutum yana da ciwo ba ta lura ba, ita wace irin mata ce. Har ta sa a kai yaran asibiti a duba zukatansu.

Lubna, zuciyar mijinki lafiyarta ƙalau. Babu abin da ya ɓoye miki, babu abin da kika kasa gani. Ƙaryata ce, da girman kaina, da hannuwan nan nawa biyu. Ya gargaɗe ni na ƙi ji, ya zo cetona na danne shi. Ba na cewa ki yafe mini, ban da bakin faɗin haka. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo ƙofar gidanku tare da Usama, in maimaita wannan a gaban Hajiya mahaifiyarsa da 'yan'uwansa. Duk abin da kuka ce, da duk abin da shari'a ta ɗora mini, na ɗauka.

Ya Allah, bawanka Munzali ya zo maka ta cikin ruwa yana ceton wanda bai cancanta ba. Ka rubuta shi cikin shahidai, ka yalwata kabarinsa, ka amintar da shi daga duk wani tsoro, ka sa Aljanna Firdausi ta zama masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya mahaifiyarsa, da Lubna, da Layan da Mastura, da abokan aikinsa na tasha, da dukan mutanen Mahjar. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya yaran nan cikin kulawarsa.

Wanda ya karanta wannan ya yi wa Munzali addu'a. In ya ga dama ya roƙa mini Allah ya ba ni ƙafar da za ta kai ni ƙofar nan ranar Juma'a.