Saƙon da Ya Kwana Tara a Akwatin Rediyo

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da direba, a tsohuwar motar ofis wadda sai an tura take tashi. A baya mun ɗora katan huɗu na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya, su ke nan suka rage. Kwana goma da suka wuce wani ƙaramin asibiti da ke gaban Gude ya aiko mana saƙo ta rediyo cewa amai da gudawa ya ɓarke, ruwa kuma ya ƙare. Washegari ni da hannuna na rubuta amsa: an ware musu katan ashirin, su turo mota kafin Alhamis, in ba haka ba a raba wa wasu. Na ga alamar saƙon ya isa, na ce wa oga sun samu. Ba wanda ya zo, ba wanda ya sake magana. Tunda ni ne injiniyan da ya haɗa musu na'urar rediyon, ni aka tura in dubo.

A Kabuga layin mai ya miƙe har inda ido ba ya kaiwa, dole muka sayi galan wajen 'yan bumburutu. Direba ya shanshana, ya rantse rabinsa kananzir ne, ya zuba duk da haka. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a titin Gwarzo ya cika da allunan zikiri, sabbi fil, ramukan kuwa na da ne. Bayan Rimin Gado wasu 'yan Hisba suka tsayar da mu don sun hango katan-katan a rufe da tamfol. Da suka buɗe suka ga ba giya ba ce, suka ba mu haƙuri har da addu'ar sauka lafiya.

Mun fara tsayawa Gwarzo, inda muke da doguwar eriya da ke miƙa saƙonni zuwa ƙauyuka. Na so ƙwarai in tarar iska ta karya ta, don in sami abin ɗora wa laifi. Lafiyarta ƙalau. Muka sha koko da ƙosai a tasha, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon goriba da aka gama gwaguya, mai suyar ta ce mu tambayi masu sayar da wake. Daga nan muka juyo ta Kabo. Gero ya yi kai, dawa ta yi duhu, gonaki sai hamdala, amma daga Gude laka ce zalla. Sau biyu muka kafe, manoma suka ajiye fartanya suka turo mu. A bakin ƙauyen na ga sabuwar ƙasa jere a maƙabarta, na kau da kai.

Jami'in asibitin, Malam Hadi, dattijo ne siriri, shi kaɗai yake riƙe da wurin. Ya tarbe mu da gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da gajiya da mutanen birni, sannan ya dubi katan huɗun nan. Ya kai ni ɗakin na'ura.

Tsakanin kwamfuta da rediyo akwai wani ɗan akwati da ke mayar da rubutu sauti ya tafi ta iska, ya kuma karɓi na wasu ya ajiye. Mun saita shi a tsarin da muke kira hos mod. A wannan tsari akwatin ba ya fara magana ko me ya faru. Manhajar kwamfuta ce ke tambayarsa a kai a kai ko akwai wani abu, sannan ya amsa. Kuma duk maganar da za ta yi masa sai ta fara faɗin adadin haruffan da ke tafe, shi kuma ya yi ta ƙirgawa har su cika. In aka katse ta a tsakiya, zama zai yi yana jiran ragowar.

Abin da ya faru ke nan. Ranar da Malam Hadi ya aiko saƙonsa, man janareto ya ƙare kwamfuta na tsakiyar magana. Akwatin da rediyon kuwa a batirin mota suke, ba su mutu ba. Da ya samo mai ya kunna, manhajar ta yi wa akwatin sallama, shi kuma ya ɗauka ragowar maganar jiya ce, ya yi shiru. Sai ta rubuta cewa na'ura ba ta amsawa, ta tsaya. Kullum haka. Wata 'yar jar fitila na ci a gaban akwatin, alamar akwai saƙon da ba a karanta ba.

"Na ɗauka alamar lalacewa ce," in ji shi. "Na so in taɓa, sai na tuna takardarka."

Tana nan a bango, rubutuna ne da jan biro: kada a taɓa wannan akwati sai injiniya ya zo.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Harafi ɗaya na riƙa tura masa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙirgensa ya cika, ya farka ya amsa. Nan take saƙona ya fito a allo. Malam Hadi ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓensa na motsi.

"Injiniya, yaushe wannan ya shigo?"

Na so in yi ƙarya, amma ga ranar a rubuce. Na ce Litinin ta makon jiya.

"Litinin ina zaune nan, ina kallon fitilar nan. Talata na hau keke har Gwarzo neman ruwa, leda uku na samo. Laraba muka binne mutum biyu." Ya cire tabarau. "Hauwa'u ta ranar Juma'a ce. Matata."

Shi ne ma ya ce mini Allah ya ƙaddara, kada in sa a raina, har ya aika aka kawo mana fura. Ban iya sha ba. Na yage takardar bangon, na koya masa yadda ake tura harafin nan. Sau ɗaya na nuna masa ya iya.

Mun shigo Kano bayan la'asar. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Mun ɗauki na'urar da ba ta magana sai an tambaye ta, mun kai ta garin da wuta ba ta zama, muka hana mutumin da ke kusa da ita taɓa ta, muka koma ofis muna cewa saƙo ya isa. Akwai wasu asibitoci shida da na saka wa irin wannan akwati, da irin wannan takarda a bango, biyu daga ciki mun kwana biyu ba mu ji ɗuriyarsu ba. Na roƙi oga mota in zaga su gobe. Ya ce babu mai sai ƙarshen wata.