Birkin da Ke Ɗaure Kansa

Ni ba makanike ba ne, ɗan kasuwar hatsi ne. Da tiya na fara, ina auna gero a bakin kasuwar Sabon Birni, daga baya na koma sari, ina bin kasuwannin Tsamaye da Tozai da Bafarawa, har Allah Ya sa ni da yayana muka haɗa ƙarfi muka mallaki babbar mota. Ta farkon tsohuwa ce, irin wadda ake kira roka. Ta yi mana shekara goma sha ɗaya kafin bodinta ya gaji, sai muka sayo wata ta hannu da aka shigo da ita ta Kwatano.

Direbanmu dattijo ne mutumin Isa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Baba nake ce masa. Tun ranar da muka sayi rokar yake riƙe da makullinmu, kuma ko akuya bai taɓa takawa a hanya ba. Da sabuwar mota ta zo, babu wanda ya yi tunanin ba wani.

Sabuwar ta bambanta da tsohuwar wajen birki. Na roka ganga ce ta ƙarfe da ke juyawa tare da taya, lainin yana cikinta, in an taka sai ya buɗe ya tokare ta daga ciki. Ita kuwa wannan faifai ne mai kauri, da wani muƙamuƙin ƙarfe da makanikai ke kira kalifa, wanda ke cizon faifan ta gefe biyu. Abin da yake cizon da shi, wanda ke cinyewa a hankali, shi ake kira fad. Iyakar sanina ke nan a lokacin, kuma na ɗauka ya ishe ni.

Cikin wata huɗu muka canza fad sau uku. Na zargi mai shagon da sayar mini da jabu, na canza shago, ba ta canza zane ba. Sai wata Laraba Baba ya ɗauko wake daga Bafarawa, ya wuce Isa ya nufo gida, tayar gaba ta dama ta kama hayaƙi. Dole ya tsaya a tsakiyar daji, a shekarun nan da babu mai son tsayawa a wannan hanya ko don kama ruwa. Ya ɗauko jarka ya sheƙa wa tayar ruwa yadda aka saba yi wa ganga, sai ya ji ƙas! Faifan ya tsage. Da lallaɓawa ya iso gari bayan la'asar.

Yayana mutum ne mai yanke magana sau ɗaya. A gaban sito ya ce mini, "Dattijon nan ya tsuhwa. Tsoro ya shige shi, ƙahwatai ba ta sauka bisa birki. Yau wake na, gobe rayukka. In an gyara mota a ba wani makulli."

Ya ma riga ya samo wanda za a ba, wani ƙanin abokinsa. Na ce ya ba ni kwana bakwai.

Ba tausayi kaɗai ya sa na nemi kwanakin ba, abin ne ya tsaya mini a rai. Na sha zama kusa da Baba a gaban mota. Mutum ne da ke rage gudu da giya tun daga nesa, sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ji iskar birki ta yi tsaki ba. To ta yaya wanda ba ya taka birki zai fi kowa cinye birki? A kasuwa in buhu ya yi ta raguwa alhali ba a buɗe bakinsa ba, ƙasansa nake dubawa.

Na sa aka kwance kalifar da tsagaggen faifan, mutum biyu suka ɗora mini su a bayan ƙaramar mota, na nufi Sakkwato wurin wani makaniken manyan motoci da aka yi mini kwatance. Bayarabe ne, amma a garin aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yana ganin zanen fuskata ya washe baki, don tsakaninmu Gobirawa da su akwai wasa.

"A'a, yau bawana ya kawo gaisuwa! Bagobiri, mi kuka ɓata kuma?"

Na ce, "Ubangijinka dai ya zo duba aikinka. In ka iya, ka iya. In ba ka iya ba, in kai wa masu ilimi."

Ya juya kalifar da ƙafa, ya tsuguna. Bai dubi faifan ba ma. Wata 'yar hular roba ya cire a bayan kalifar, sai ga kan wani ƙaramin noti yana ƙyalli kamar sabon kwabo, alhali duk sauran jikin ƙarfen tsatsa ce da laka.

"Wa ka taɓa wanga wuri?"

Na ce ban sani ba.

"Akwai mai taɓa shi kullum. Ƙarhe ba shi ƙyalli don Allah, sai don sifana."

Ya ce wannan noti ba a taɓa shi sai ranar canza fad, don a ja birkin ya koma baya, sabon fad ya sami wurin shiga. Sauran kwanaki birkin da kansa yake ɗaure kansa. Na ce ban yarda ba sai na gani. Ya ce Bagobiri da gardama sai Allah, amma ya jawo wata matacciyar kalifa daga tarin ƙarafansa ya buɗe mini cikinta.

Na fi awa biyu a tsugune a wurin, shayin da aka kawo mini har ya huce. A ciki akwai wani hannu da iska ke turawa in direba ya taka. Hannun yana tura wasu sanduna biyu masu zare irin na noti, su kuma su tura fad na ciki ya dafe faifai. Da ya dafe, sai kalifar gaba ɗaya ta zame a kan wasu ƙusoshi biyu masu giris, ta jawo fad na waje shi ma ya dafe. Wato turi daga gefe ɗaya ne, cizo kuwa ta gefe biyu. Wannan kaɗai ya burge ni. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke manne da hannun. In tazarar da ke tsakanin fad da faifai daidai take, hannun zai je ya dawo bai motsa shi ba. In fad ya ci, tazarar ta ƙaru, sai hannun ya yi tafiyar da ta fi ta kullum, ya taɓa shi, shi kuma ya murɗa sandunan su fito kaɗan, abin da ido ba ya ko gani. Har da 'yar sarƙa irin ta keke da ta haɗa sandunan biyu don kada ɗaya ta riga ɗaya.

"Amma ka lura," in ji shi, "abin ga ya san gaba, bai san baya ba. In wani ya matse shi da hannu, ba ya da wayon sassauta kanshi."

Na ce to ai matsewa kaɗan ba laifi ba ne, in ya yi zafi zai saki. Haka na ji direbobi na faɗa tun ina saurayi.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Karatun ganga ke nan! Ganga in ta yi zahi buɗewa takai, ta guje wa lainin, shi ya sa kuke matse ta da sanyi. Faifai kuwa in ya yi zahi kumbura yakai kamar masa cikin tanda, ya iske fad inda yake. Ya goga ya ƙara zahi, ya ƙara zahi ya ƙara kumbura. Ko direba bai taka ba, birki na ci."

Na roƙe shi ya bar mini matacciyar kalifar a buɗe, da guntun faifai da fad biyu, sabo da cinyayye. Ya ce in ɗauka, sadaka ce ga mabuƙata. Ya biyo ni har bakin mota yana faɗa mini abin da ya kamata a riƙa dubawa maimakon notin: robobin da ke rufe ƙusoshin nan, don in sun yage yashin gulbi zai shiga kalifar ta daina zamewa, fad ɗaya ya cinye, ɗaya na nan sabo. Ruwa kuwa, ya ce, ko a mafarki kada a zuba wa faifai mai zafi.

Washegari da hantsi, bayan na dawo gida, na aika aka kira Baba gaban sito, yayana ma yana zaune. Ban nuna komai ba tukuna. Na ce, "Baba, da sahe kahin ka tada mota, mi da mi kake yi?"

Ya gyara zama. Ya ce yana duba ruwa da baƙin mai, ya bubbuga tayu, ya zubar da ruwan tankin iska, sannan ya shiga ƙasa ya ɗaure birki. Haka maigidansa ya koya masa tun yana koyon tuƙi: a matse har taya ta kama, a sassauta ɗan kaɗan, a yi bisimilla.

"Wagga sabuwa ma kana ɗaure ta?"

"Alhaji, ita ta hi ba ni wahala! Kwana ukku ina neman wurin ɗaurinta. Makanikan garin ga duk sun ce babu. Na ce ba a yin mota babu wurin ɗaure birki. Ashe ɓoye shi sunka yi ƙarƙashin wata 'yar hula." Ya dube mu yana murmushi, yana jiran yabo.

Yayana ya kalle ni, na kalli ƙasa.

Na sa aka sauko da kalifar a kan tabarma. Na maimaita abin da aka koya mini iya fahimtata, na zura guntun bututu a hannun nan, na ce Baba ya danna da kansa. Ya danna, ya saki. Ya zura reza tsakanin fad da faifai ya ji tazarar. Na cire sabon fad na sa cinyayyen, rami ya buɗe har yatsa na shiga. Na ce ya ci gaba da dannawa. Yana dannawa sarƙar na motsi kaɗan-kaɗan, sandunan na fitowa, har ramin ya rufe ya koma daidai tazarar farko. Daga nan sarƙar ta tsaya cik. Ya danna sau goma, ba ta ƙara motsi ba.

"Wa ya ce mata ta tsaya?" ya tambaya, ba ni yake kallo ba.

Ya mayar da sandunan baya ya sake gwadawa. Ya sake. Ya cire hularsa ya ajiye a gefe, ya kwanta rub da ciki yana leƙen haƙoran. Masu ɗaukar buhu suka taru a kanmu, bai ko san suna nan ba.

Yayana ya ce, "To, magana ta hito. Ashe da hannunshi ya ɓata muna mota."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni na kawo shaidar da kaina. Baba ya tashi zaune, ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "Yallaɓai ya yi gaskiya. Ni na yi."

Na ce, "Yaya, ka ba ni izini in yi magana. Mu munka sayo mota ba mu tambayi kowa yadda birkinta yake ba, munka miƙa mishi makulli. Mutumin da ya kwashe kwana ukku ƙarƙashin mota yana neman noti guda, shi za mu kora, mu ɗauko wanda ba mu taɓa ganin bayan rigarshi da ƙasa ba? Yanzu aikin da ya rage duba roba ne da tura kalifa a ji ko tana zamewa. Wa kake ganin zai yi shi kullum?"

Yayana ya dubi makullin da ke kan tabarma. Can ya ce a sa sabon faifai da sabon fad, a bar wa Baba motar har fad ɗin ya ƙare. In ya ƙare da wuri irin na baya, ba sai an sake zama ba. Ya tashi ya shige sito.

Baba bai ɗauki makullin nan take ba. Ya ce mini a hankali, "Alhaji, shekara arba'in ban taɓa hita ban ɗaure birki ba. Ƙahwata za ta taka, amma zuciyata ba ta yarda ba."

Na ce, "Za ni bi ka tahiyar hwarko. In ta ƙi tsayawa, tare za ta ƙi da mu."

Ranar kasuwar Bafarawa muka fita da sassafe. Ya shiga ƙasan motar kamar kullum, na ji shi yana tura kalifa ɗaya bayan ɗaya, ya fito hannunsa babu sifana. A hanya ya yi ta gwada birkin inda babu dalili, har na ce masa in ya ci gaba haka zai cinye fad ɗin da gaskiya. Da muka dawo da lodi muka tsaya a Isa, ya sauka ya zagaya tayu yana kara bayan hannunsa kusa da kowace. Ya daɗe a ta gaba ta dama. Ya hau ya tada mota, sai da muka yi nisa ya ce, "Ɗumi kawai."

Fad ɗin ya ga ƙarshen rani, ya ratsa damina da lakarta, ya kai mu kaka. Ranar da aka cire shi Baba ya kawo guda biyun gaban sito, na ciki da na waje, sun ci daidai wa daida kamar an auna. Yayana ya karɓa ya jujjuya su, ya haɗa su fuska da fuska, ya miƙa masa. Sannan ya juya wajen masu awo ya ce in an zo rabon geron kaka a ƙara wa direba buhu ɗaya, kuma a gaya masa gobe akwai lodin dawa a Tozai, kada ya makara.