Baƙin Mai a Bayan Kunnen Ɓeran Masar

Wata rana wata mata a unguwarmu ta tashi tafiya jinyar mahaifiyarta, sai ta bar wa maƙwabciyarta, Inna Delu, amanar ɓerayen Masar guda uku.

Ɓeran Masar dai kun san shi. Ɗan dunƙulalle, ba wutsiya, gashi luf-luf, abincinsa ciyawa da ganye.

Inna Delu ta karɓa, ko tambaya ɗaya ba ta yi ba. Shekara talatin tana kiwon awaki, ɓera ne zai gagare ta?

Bayan kwana biyu ta zo sharar akurkinsu, sai ga gashi. A ƙasa gashi, a kwanon ruwa gashi. Ta ɗaga wani fari mai dogon gashi a cikinsu ta sauke, zaninta ya yi butu-butu.

Ta share. Washegari ya dawo.

Abin ya ɗaure mata kai. Suna ci, suna sha, da sun ji motsin ganye su cika gidan da kuka. To ina ciwon? In kuwa babu ciwo, gashin na mene ne?

Ta tambayi matar gidan gaba, ta ce kirci ne. Mai kayan miya ya ce kanwa suka rasa. Wata ta ce baki ne, a yi musu hayaƙi.

Mutum uku, magana uku, kuma babu wanda ya taɓa kiwon ko ɗaya.

Ga waya a ɗaki, ga lambar mai su. Ba ta kira ba, wai kada a ce daga ba ta amana ta fara kawo ƙara.

Rana ta biyar ta ɗage kunnen farin nan. Bayan kunnen tal, ba gashi ko ɗaya. Ɗaya kunnen ma haka. Ta duba sauran biyun, su ma haka, wuri ɗaya sak.

Wane irin kirci ne wannan mai zaɓen wuri?

Ita dai tana da magani. In akuya ta yi kirci, baƙin man inji take shafa mata. Ta samo shi wurin mai gyaran babur, ta ce bari ta gwada a kan ɗaya tukuna. Ta lafta wa farin, daga kunne har gadon baya.

Ya yini yana lasar jikinsa. Washegari ya ƙi ciyawa, ya takure a lungu.

Sai a lokacin ta sa shi a kwali ta nufi asibitin dabbobi.

Likitan ya dube shi, ya dube ta.

"Baba, wane ciwo kike yi wa magani?"

"Ɗan nan, ba ka ga bayan kunnen ba ne? Tal fa."

"Haka Allah Ya halicce su. Duk ɓeran Masar nan wurin ba shi da gashi."

"To wanda nake sharewa kullum fa?"

"Ke in kin taje kanki, matajin fes yake fitowa? Tsoho ke zuba, sabo na tsirowa. Da yana susa, ko ga ɓamɓaroki, ko gyambo, ko gashin ya kwashe a wani wurin, sai mu ce ciwo. Wannan lafiyarsa ƙalau, Baba, sai da kika yi masa magani."

Aka wanke shi, aka ba shi abin da za a ba shi. Bai kai la'asar ba.

Da mai su ta dawo, Inna Delu ta miƙa mata biyu, ta faɗi gaskiya tsaf. Matar ta ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri, Inna. Da ma kin kira ni."

Biyun da ba a yi wa magani ba suna nan har yau, ɓul-ɓul, suna ta zubar da gashinsu.

Darasi: Ba duk abin da ya zuba ne asara ba, ba kuma duk abin da ba ki saba gani ba ne ciwo. Ilimin akuya na akuya ne. An ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in wanda ya san hanyar ya tambaya. Kunyar tambaya ta fi jahilci ɓarna.

Ku tura wa duk wanda hannunsa ke rigan bakinsa kaiwa ga magani, tun bai shafa wa mai lafiya baƙin mai ba.